Charles Darwin: Saurayin da ya bar likitanci ya koma leƙen ƙarƙashin kututture

Mai karatu, in aka ce Charles Darwin, abin da zai fara faɗo maka shi ne littafinsa na 1859 da har yau ake ta muhawara a kansa. To yau bari mu koma ƙuruciyarsa.

An haife shi a Shrewsbury ta Ingila ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne, ya tura shi Edinburgh karatun likita, amma yaron ya kasa jure ganin tiyata, ya watsar. Yana ɗan shekara 22 ya shiga jirgin ruwan Beagle, tafiyar da ta ci kusan shekara biyar.

A 1832, a dajin da ke kusa da Rio de Janeiro ta Brazil, ya riƙa ɗaga ruɓaɓɓun kututturai. Nan ya ga wata tsutsa mai fallen jiki da zanen launi, tana silalawa a kan yauƙinta. Ka san abin mamaki? Bakinta ba a ka yake ba, a ƙarƙashin cikinta yake, kuma ta nan take fitar da abin da bai narke ba, don ba ta da dubura. Kowace ɗaya namiji ce kuma mace. Babban rukuninsu ɗaya da tsutsar da ke jawo tsargiya, sai dai ita ba ta zama a jikin mutum.

Daga Tasmaniya ya ɗauko wasu irinta, ya raba ɗaya gida biyu. Cikin mako biyu kowane rabi ya ɗauki siffar cikakkiyar tsutsa. Kafin ya ga ƙarshen gwajin, zafin hanya ya kashe su duka.

A 1844 ya wallafa bayaninsu. Ɗaya daga cikin waɗanda ya samo a Brazil ita ce masana ke auna sauran jinsin Geoplana da ita har yau.

Amma fa ya yi kuskure. Ya ɗauka ruɓaɓɓen itace suke ci, alhali mafarauta ne, suna cin tana da dodon-koɗi da makamantansu. Na baya suka gyara masa, kuma sun iya gyarawa ne don ya rubuta abin da ya gani filla-filla.

Ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1882. Kai da ke ganin abin da kake sha'awa ya yi ƙanƙanta, ka lura da shi da kyau, ka rubuta. Ko ka yi kuskure, ka bar wa wani inda zai ɗora.