Ulysses Grant: Janar ɗin da ya rubuta tarihinsa yana jinyar ajali

A zamanin nan da wuya shugaban ƙasar Amurka ya sauka daga mulki bai rubuta littafi ba. Bill Clinton ya fitar da nasa a 2004, George W. Bush a 2010, Barack Obama a 2020, kuma kowannensu kamfanonin buga littattafai sun zuba masa miliyoyin daloli. Sai dai duk lokacin da irin wannan littafi ya fito, masu sharhi a can sukan ɗora shi a sikeli ɗaya da wani tsohon littafi da aka kammala a 1885, galibi kuma tsohon ne ke rinjaye. Marubucinsa shi ne Ulysses Grant, shugaban Amurka na 18, wanda hotonsa ke kan takardar dala 50.

An haifi Grant ran 27 ga Afrilu 1822 a ƙauyen Point Pleasant cikin jihar Ohio. Mahaifinsa majemi ne. Duk wanda ya taɓa ratsawa ta majema ya san warin wurin, to yaron nan ya tsani warin da jinin, ya fi son a bar shi da dawaki, kuma tun yana ƙarami ya zama gwanin hawa. A 1839 uban ya samo masa gurbi a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, ba da son ransa ba. Sunansa na yanka Hiram Ulysses ne, amma ɗan majalisar da ya tura sunan ya yi kuskure ya rubuta Ulysses S. Grant, sunan kuma ya bi shi har kabari. Ya fito a 1843, shi ne na 21 cikin ɗalibai 39. Ya yi yaƙin da Amurka ta gwabza da Meziko daga 1846 zuwa 1848, yaƙin da daga baya ya bayyana a littafinsa a matsayin zaluncin mai ƙarfi a kan mai rauni.

Daga nan rayuwa ta juya masa baya. An tura shi wani barikin soja mai nisa a Kalifoniya, nesa da matarsa Julia da ƴaƴansu, a 1854 ya ajiye aiki, ana ta raɗe-raɗin cewa giya ce ta jawo. Ya gwada noma kusa da birnin St. Louis, bai yi albarka ba, har ta kai tsohon kyaftin na sayar da itacen girki a bakin titi. A cikin wannan talauci ne, a 1859, ya ƴanta wani bawa guda da ya mallaka, mai suna William Jones, alhali da ya sayar da shi da ya samu abin biyan basussukansa. A 1860 ya koma tsaron kantin fatu na mahaifinsa a garin Galena, wato sana'ar da ya guje wa tun yana yaro.

Yaƙin basasar da ya ɓarke a Afrilun 1861, bayan jihohin kudu masu bayi sun ɓalle, shi ya fito da shi. Cikin Fabrairun 1862 ya kama sansanin Donelson tare da dubban sojojin kudu. A Shiloh, wata biyu bayan haka, an yi masa ba-zata, an yi asarar mutane sama da 23,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace a ɓangarorin biyu, jaridu suka yi ca a kansa, amma shugaba Abraham Lincoln ya ƙi cire shi. Ran 4 ga Yuli 1863 garin Vicksburg ya faɗa hannunsa, kogin Mississippi ya koma ƙarƙashin arewa, kudu ta rabu gida biyu. A Maris 1864 Lincoln ya ba shi jagorancin dukkan rundunonin ƙasar. Yana da tabo a wannan zamani: a Disamban 1862 ya ba da umarnin korar Yahudawa daga yankin da yake riƙe da shi, Lincoln ya soke umarnin.

Ran 9 ga Afrilu 1865 janar Robert Lee na kudu ya miƙa wuya a Appomattox. Grant bai tura kowa kaso ba. Ya bar sojojin kudu su koma gida da dawakinsu da alfadaransu domin lokacin shuka ya ƙarato, ya kuma aika musu da abinci domin yunwa ta ci su. Kwana biyar bayan haka aka harbe Lincoln a gidan wasan kwaikwayo. An gayyaci Grant zuwa wurin a daren, bai je ba.

Da ƙuri'a ya hau mulki, a zaɓen 1868, ƙarƙashin jam'iyyar Republican, yana da shekara 46, ya yi wa'adi biyu daga 1869 zuwa 1877. A nan ne masana tarihi suka daɗe suna saɓani a kansa. A zamaninsa aka yi wa tsarin mulki gyara na 15 a 1870, wanda ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata. A shekarar aka kafa ma'aikatar shari'a ta tarayya. Da ƙungiyar Ku Klux Klan ta shiga kashe baƙar fata don hana su zaɓe, ya sa hannu a dokar 1871, ya tura soja da masu gabatar da ƙara, ya karya lagon ƙungiyar na wani lokaci. Dokar tana nan da ranta: da ita wani ɗan majalisa, Bennie Thompson, ya kai ƙarar Donald Trump bayan harin da aka kai majalisar dokoki ran 6 ga Janairu 2021.

Amma mutumin da ya iya karanta zuciyar abokin gaba a fagen fama bai iya gane ɓarawo a cikin ofishinsa ba. Badaƙalar harajin barasa ta 1875 ta taɓa sakatarensa na kusa, Orville Babcock, Grant kuwa ya ba da shaidar da ta taimaka aka wanke shi. Ministan yaƙi William Belknap ya yi murabus a 1876 kan cin hanci. Ba a taɓa kama Grant da cin ko sisi ba, sai dai a ganina wannan bai wanke shi ba, domin shi ya naɗa su, shi ya kuma kare su. A zamaninsa ne kuma aka tura soja kan ƙabilar Sioux bayan an gano zinariya a tsaunukan Black Hills, ƙasar da yarjejeniya ta ce tasu ce.

Bayan saukarsa ya zaga duniya shekara biyu, har Masar da Indiya da Sin da Japan. A 1880 ya nemi jam'iyyarsa ta sake tsayar da shi, bai samu ba. Sai ya zuba duk abin da ya mallaka a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a New York da ɗansa ya kafa tare da wani matashi, Ferdinand Ward. Ashe Ward da kuɗin sababbin masu zuba jari yake biyan tsofaffi. A Mayun 1884 asiri ya tonu, kamfanin ya rushe. Grant ya wayi gari ba shi da komai, ga bashin dala 150,000 da ya ranto daga attajiri William Vanderbilt don ceto kamfanin. Ya miƙa masa takubbansa da lambobin yabonsa. A lokacin tsohon shugaban ƙasa ba shi da fansho, sai a 1958 aka yi dokar hakan.

Kafin shekarar ta ƙare likitoci suka gano ciwon daji a maƙogwaronsa. Mutum ne mai yawan shan taba tun zamanin yaƙi. Ya san ba zai tashi ba, ya kuma san Julia za ta rasa abin dogaro. Wata mujalla mai suna Century ta yi masa tayin kashi 10 cikin 100 na cinikin littafin rayuwarsa, ya kusa amincewa. Marubuci Mark Twain, wanda abokinsa ne kuma yana da kamfanin buga littattafai, ya ga tayin ya yi araha ƙwarai, ya ba shi kashi 70 cikin 100 na riba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwarsa. Haɗiyar ruwa azaba ce, kwanciya tana shaƙe shi, don haka a zaune yake barci a kan kujera. Da farko yana faɗa ana rubutawa, da murya ta ɗauke ya koma rubutu da fensir. Yakan jinkirta shan maganin kashe zafi don kada hankalinsa ya gushe yana tsakiyar aiki. A Yunin 1885 aka kai shi wani gida a kan tsaunin McGregor don ya huta da zafin birni. A can ya kammala, ya rasu ƴan kwanaki bayan haka, ran 23 ga Yuli 1885, yana da shekara 63.

Littafin juzu'i biyu ne, rubutunsa a miƙe kamar umarnin da yake aika wa hafsoshinsa, ba ado ba kewaye-kewaye. Ya faɗi ƙarara cewa bauta ce musabbabin yaƙin, a daidai lokacin da wasu a kudu ke ƙoƙarin sauya labarin. Ya girmama jarumtar Lee amma ya ce abin da ya yi wa yaƙi mummuna ne. Ya nuna nadama kan farmakin ƙarshe da ya kai a Cold Harbor a 1864, inda mutanensa suka hallaka a banza. Mai karatu ya lura da abin da ya tsallake: bai taɓo zancen giya ba, shekaru takwas na mulkinsa kuwa kusan bai ce komai a kansu ba. An yi ta jita-jitar cewa Twain ne ya rubuta masa, amma takardun da rubutun hannunsa suna ajiye a laburaren majalisar dokoki a Washington.

An yi jana'izarsa a New York ran 8 ga Agusta 1885, cikin masu rakiyar akwatin har da janar-janar biyu na kudu, Joseph Johnston da Simon Buckner, wanda ya miƙa masa wuya a Donelson. Twain ya baza wakilai gida-gida, da yawansu tsofaffin sojoji, aka sayar da kwafi sama da 300,000. A farkon 1886 Julia ta karɓi cekin farko na dala 200,000, jimillar abin da ta samu kuma ya haura dala 400,000.