Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Hotonta Ke Aljihun Kowa

Duk wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mace ta duƙufa a kan aikin yumɓu. Gaban takardar na Janar Murtala Muhammad ne, bayanta kuwa na Ladi Kwali, mace ɗaya tak da aka sani da suna a kan kuɗin Najeriya. Tun shekarar 2007 hoton nata ke yawo daga hannu zuwa hannu, amma ma'aikata da yawa da ke bi ta Titin Ladi Kwali a Abuja kowace safiya ba su san abin da ta yi ba har ƙasa ta karrama ta haka. Ita dai ba ta riƙe muƙami ba, ba ta kuma yi karatun boko ba. Abin da ta iya shi ne tsara fasalin kayan da mutane ke amfani da su kullum.

An haife ta wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, wanda a yau yake cikin Babban Birnin Tarayya. Sunanta na Hausa ne, irin wanda ake laƙaba wa yarinyar da aka haifa ranar Lahadi. A wurin Gbagyi, waɗanda ke zaune tun daga Neja har zuwa Karu da Toto a Jihar Nasarawa, ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ta koya tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta. Ba a amfani da inji ko kaɗan. Maginiya takan murza yumɓu ya yi tsawo, ta riƙa ɗora shi tana dannawa tana shafewa, tana kewaya tukunyar da baya-baya har ginin ya tashi daidai. Idan ya bushe sai a tara itace da ciyawa a gasa a fili.

Wanda bai lura ba zai ɗauka siffar tulu da randa al'ada ce kawai. Alhali kowane sashe yana da dalilinsa. Yumɓun da aka gasa da wuta mai sauƙi yana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, na ciki kuma ya yi sanyi. Shi ya sa a gari mai zafi irin Lafia ruwan randa ke kashe ƙishirwa ba tare da wutar lantarki ba. Zagayayyen gindin tukunya yana zama daram a kan duwatsun murhu, yana kuma raba zafi ko'ina don kada ta tsage. Ƙuntataccen wuyan tulu yana hana ruwa zuba a hanyar rafi. Wannan ilmi ne da mata suka tara cikin ɗaruruwan shekaru, Ladi kuma ta gaje shi ta ƙara masa nata. Ta yi fice wajen daidaiton siffa da kuma zanen da take tsagawa a jikin yumɓu: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gurbinsa tsakanin layuka masu tsari.

Sunanta ya kai fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya riƙa tara tukwanenta a gidansa. Abujar wancan lokaci ita ce Suleja ta yau, wadda ta bar wa sabon birnin tarayya sunan bayan 1976. A gidan sarkin ne wani Bature maginin tukwane daga Ingila, Michael Cardew, ya ga aikinta a 1950. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki don bunƙasa sana'ar, a 1952 kuma ya buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a garin. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko da aka ɗauka.

A can ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Ta yi faranti da kwanuka da kofuna. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, sai dai da sabon haɗin yumɓu mai jure wuta, tana cika tsagar zanen da farar ƙasa, a rufe da ƙyalli. Waɗannan tuluna ne suka ja hankalin duniya. An baje su a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta yi gini a gaban jama'a a Ingila da Faransa da Jamus, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew.

Sai dai akwai wani darasi a nan da ba a cika faɗi ba. Tulun da aka shafe da ƙyalli kafofinsa sun toshe, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ya yi nauyi, ya kuma yi tsadar da matar ƙauye ba za ta iya saye ba. Ya bar tsakar gida ya koma ɗakin baƙi da gidajen adana kayan tarihi. Ba laifin Ladi ba ne, domin ta ƙware a hanyoyin biyu. Amma abin yana nuna cewa kyawun kaya da amfaninsa suna iya rabuwa, kuma idan suka rabu, talaka ne ke fara yin asara.

Karramawa ta biyo baya. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A 1980 ta sami babbar lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa masana, a 1981 kuma lambar OON. Shigarta cibiyar ta buɗe ƙofa ga wasu mata, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984. Cibiyar da ta yi aiki a Suleja tana ɗauke da sunanta, haka ma wani babban zauren taro a Abuja.

Sanya suna a jikin titi abu ne mai sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe hikimar da ta sa aka san mai sunan. A yau robobi da ledoji sun maye gurbin tulu. Waɗanda ke aiki a ma'aikatun tarayya su ne ke amincewa da fasalin ajin makaranta, da kujerar ɗakin jiran asibiti, da takardar da ɗan fansho zai cike, da rumfar kasuwa. Kafin a sa hannu, ya kamata a yi tambayar da kowace maginiya ke yi tun kafin ta taɓa yumɓu: wa zai yi amfani da wannan abu, a wane irin yanayi, kuma zai iya mallakarsa? Ladi Kwali ta amsa wannan tambaya da hannunta tun tana yarinya a Kwali, kafin duniya ta san da ita.