Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora

Jama'a, tarihin wannan Juma'a na gida ne. Duk wanda ya fito daga Bobi ko Mariga, da sunan Ibrahim Nagwamatse ya taso a kunne. Jinin Shehu Usmanu ne. Mahaifinsa Umaru, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, shi ya kafa Kontagora. Ibrahim ya hau gado a 1880.

Shekara ashirin yana kai hari ƙasashen Gwari da Kambari da Kamuku, ana kama mutane ana sayarwa. Garuruwa suka zama kufai, jama'a suka tsere kan duwatsu. Kada mu ce wa yaranmu ƙagen Bature ne. A sahunmu na nan masallaci akwai jikokin mahayan dawakin, akwai jikokin waɗanda aka kora, kuma kowa ya ji daga bakin kakarsa.

To Turawan da suka ce hana bauta ya kawo su fa? Sun ci Kontagora a 1901, ya gudu, suka kamo shi. A 1903 su da kansu suka mayar da shi sarauta, don mulkinsu na bukatar sarki mai ƙarfi. Yana kan gadon har ya rasu a 1929. Bautar kuwa, sai 1936 suka haramta ta gaba ɗaya a Arewa.