Ernest Rutherford, Ɗan Manomi Da Ya Leƙa Cikin Ƙwayar Zarra

An haifi Ernest Rutherford a shekara ta 1871 kusa da garin Nelson, a ƙasar Niyu Zilan. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya goma sha biyu. Ubansa manomi ne, uwarsa kuwa malamar makaranta ce. Ba su da dukiya, saboda haka in bai ci jarrabawar samun taimakon karatu ba, ba shi da hanyar ci gaba. Ya faɗi karo na fari, ya sake zama, ya ci.

A 1895 aka ba shi taimakon zuwa Ingila. Shi ne ya zo na biyu, amma wanda ya zo na ɗaya ya ƙi tafiya. Ta haka ya shiga Jami'ar Kambirij, ya yi aiki a hannun J. J. Thomson. Ya koyar a Kanada, sa'an nan ya koma Mancesta a 1907. A 1908 ya sami lambar Nobel.

A lokacin nan masana na zaton zarra dunƙule ce mai taushi, ba wani abu mai tauri a cikinta. A 1909 Rutherford ya sa mataimakinsa Geiger da wani almajiri mai shekara ashirin, Marsden, su riƙa harbin fallen zinariya da ƙananan ƙwayoyi masu gudu. Yawancinsu suka wuce, amma kaɗan suka dawo baya. Ya daɗe yana tunani a kan wannan. A 1911 ya bayyana cewa kusan dukan nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya, sauran kuwa fili ne kawai. A 1919 ya nuna akwai ƙwayar da ake kira furoton cikin cibiyar, almajirinsa Chadwick kuma ya gano niyutiron a 1932.

Ya rasu a 1937, aka binne shi a Westminster kusa da Newton. Dabararsa ba ta mutu ba. Daga 1968 masana a Amurka suka harbi furoton kansa, suka tarar da ƙwayoyi a cikinsa waɗanda ake kira kwak. Suna cikin ginshiƙan babban bayanin da masana ke bi yau game da asalin abubuwa.

'Yan'uwa masu koyon malanta, mu tuna Rutherford bai raina Marsden don ƙuruciya ba. Aiki na gaske ya ba shi. Mu ma mu yi wa yaran ajinmu haka.