Taiichi Ohno: Injiniyan da ya yaƙi ɓarna a masana'anta

An haifi Taiichi Ohno ne a ranar 29 ga watan Fabrairun 1912 a birnin Dalian na ƙasar Sin, ya kuma yi karatun fasaha a birnin Nagoya na Japan.

A shekarar 1932 ya kama aiki a masaƙar iyalan Toyoda, sannan a 1943 ya koma kamfaninsu na ƙera motoci, watau Toyota.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya shiga halin ƙaƙa-ni-kayi, har ta kai ga yajin aiki da sallamar ma'aikata masu yawa a 1950.

Da yake Toyota ba shi da kuɗin jibge kaya kamar kamfanonin Amurka, sai Mr Ohno, wanda ke shugabantar sashen injuna, ya duƙufa wajen gano inda dukiya da lokaci ke zurarewa.

Ɓarna iri bakwai

Ya kasa ɓarna gida bakwai: ƙera abin da ya wuce buƙata, da zaman jira, da jigila marar dalili, da aikin da bai ƙara wa kaya daraja ba, da tara kaya a sito, da kai-komon ma'aikaci, da kuma kaya masu aibi.

A ganinsa ta farkon ce uwar sauran, domin tarin kaya yana ɓoye matsala ne kawai.

Don haka ya ɗauki darasi daga manyan kantunan Amurka, inda ba a cike gurbi sai mai saye ya ɗauki abu. Ya ɓullo da katin kanban, wanda kowane sashe ke aika wa na bayansa domin neman adadin da yake buƙata, ba ƙari.

An kuma bai wa ma'aikaci ikon tsayar da layin ƙira da zarar ya ga aibi.

Tambaya sau biyar

Wajen warware matsala kuwa, ya koyar da a tambayi dalili sau biyar a jere.

Misalin da ya bayar shi ne na injin da ya tsaya saboda fiyus ya ƙone. Da aka bi diddigi, sai aka tarar rashin mataci ne ya bar ɓarɓashin ƙarfe ya lalata famfon mai. Da fiyus kaɗai aka sauya, da matsalar ta dawo.

An ruwaito cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da injiniya a ciki sa'o'i yana kallon aiki, sannan ya auna shi da abin da ya gano da idonsa, ba da rahoton ofis ba.

Yabo da suka

Duniya ba ta farga da tsarin ba sai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da Toyota ya jure fiye da takwarorinsa. A 1975 Mr Ohno ya zama mataimakin shugaban kamfanin, ya kuma wallafa littafi kan tsarin a 1978.

To sai dai masu suka na cewa tsarin yana takura wa ma'aikata, kuma girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta nuna haɗarin rashin ajiya idan hanyar samun kaya ta yanke.

Duk da haka, asibitoci da bankuna da ofisoshi a ƙasashe da dama sun ari dabarunsa.

Taiichi Ohno ya mutu a birnin Toyota a ranar 28 ga watan Mayun 1990, yana da shekara 78.