Mary Anning: ƴar kafintan da ta haƙo dodannin teku

Lyme Regis ƙaramin gari ne a bakin teku, a kudu maso yammacin Ingila. A nan aka haifi Mary Anning ranar 21 ga watan Mayun 1799, a nan ta ƙare rayuwarta, a nan kuma aka binne ta. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta riƙe wani muƙami ba. Amma wanda ya shiga gidan tarihin halittu na Landan ko na Paris a yau zai tarar da ƙasusuwan wasu manyan dabbobin ruwa da ita ta tono su, a lokacin da masana ba su ma san an taɓa yin irinsu a duniya ba.

Gidansu gidan talakawa ne. Mahaifinta Richard kafinta ne, kuma cikin ƴaƴa goma da aka haifa masa biyu kaɗai suka girma, Mary da wanta Joseph. Sunan ma gadonsa ta yi daga wata yayarta da wuta ta kashe tana da shekara 4. Ita kanta da ƙyar ta sha: tana da wata 15 tsawa ta faɗo kan itacen da wasu mata uku suka fake ƙarƙashinsa, ɗayarsu na riƙe da ita. Matan suka mutu, jaririyar ta rayu. Karatu da rubutu kuwa a makarantar Lahadi ta cocinsu ta koya.

Gaɓar tekun garin tana da tsawo, an jera ta hawa-hawa da farar ƙasa mai tauri da laka mai laushi, waɗanda suka kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku kimanin shekaru miliyan 200 da suka wuce. Duk hunturu ruwan sama da igiyar ruwa kan zaftare gaɓar, sai abin da ke ɓoye ya fito fili. Mai nema dole ya yi sauri kafin teku ya ciko ya kwashe, kuma yana aiki ne a gindin ƙasar da ba ta gama zubowa ba. Richard kan tafi da yaransa su tsinto duwatsu masu siffar dodon koɗi ko nannaɗaɗɗen maciji, su baza a tebur su sayar wa baƙi. Ciniki ya ɗan yi kyau a lokacin, domin yaƙe-yaƙen Napoleon sun hana masu kuɗin Ingila zuwa yawon shaƙatawa a Turai, suka koma garuruwan bakin tekunsu.

A watan Nuwamban 1810 Richard ya rasu, bayan fama da tarin fuka da raunin faɗowa daga gaɓar. Ya bar bashi, iyalin suka koma karɓar taimakon da ake ba matalauta. Abin da yake ƙarin cefane a da ya zama shi ne abincin gidan.

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon sama da mita ɗaya, da dogon baki cike da haƙora da ramin ido makeke. Mutane suka ce kada ne. Bayan wasu watanni Mary, tana da shekara 12 zuwa 13, ta gano sauran jikin. Dabbar ta haura mita 5, ba ta da ƙafafu sai filafilai na iyo. Wani mai ƙasa na yankin ya saya a kan kimanin fam 23, daga baya ta kai gidan tarihin Birtaniya, aka raɗa mata suna Ichthyosaurus, wato kifi-ƙadangare. Masanin da ya yi ta rubutu a kanta tun daga 1814, Everard Home, bai ambaci yaran da suka haƙo ta ba ko sau ɗaya.

Talauci bai sake su ba. A 1820 wani mai sayen kayansu, Laftanar-kanar Thomas Birch, ya tarar suna shirin sayar da kayan ɗaki don biyan haya. Ya yi gwanjon duwatsun da ya tara, aka samu kusan fam 400, ya tallafa musu da kuɗin.

Babbar jarrabawa ta zo ne a watan Disamban 1823, lokacin da Mary ta tono cikakken ƙwarangwal na farko na Plesiosaurus, dabba mai ɗan ƙaramin kai, da faffaɗan jiki, da filafilai huɗu, da wuya mai gaɓoɓi 35. Raƙumin dawa, duk da tsawon wuyansa, gaɓoɓi 7 gare shi, daidai da ɗan Adam. Da zanen ya isa Paris hannun Georges Cuvier, wanda a zamanin ba a ja da maganarsa kan ƙirar jikin dabbobi, sai ya yi zargin an haɗa kan wata dabba ne da jikin wata. Ga mace matalauciya da ba ta da jari sai amincin kayanta, wannan zargi zai iya kashe sana'ar gaba ɗaya. Ƙungiyar masana ilimin duwatsu ta Landan ta duba ƙwarangwal ɗin a farkon 1824, ta tabbatar sahihi ne, Cuvier kuma ya amsa kuskurensa. A cikin shekarar aka saya masa wani Plesiosaurus daga hannun Mary aka kai Paris. Sai dai a zaman da William Conybeare ya gabatar da dabbar ga masana, sunan wadda ta gano ta bai fito daga bakinsa ba. Ita kuwa ba ta da damar shiga zauren: ƙungiyar ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun membobi ba sai 1919.

Kuskure ne a ɗauke ta mai tsintuwa da sa'a kawai. Takan aro rubuce-rubucen masana ta kwafe da hannu har da zane-zanensu, ta feɗe kifaye don ta gane abin da take gani a dutse. Ita ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu da ake yawan samu a cikin cikin Ichthyosaurus suna ɗauke da ƙayar kifi da ɓawonsa idan an fasa. Ashe kashi ne, ba ƙashi ba, ya daskare ya zama dutse. William Buckland ya wallafa bayanin a 1829, kuma ta nan aka buɗe hanyar sanin abin da dabbobin da suka shuɗe suke ci. A 1826 ta buɗe kantinta, a 1828 ta gano dabba mai fiffike ta dangin ƙadangare, irinta ta farko da aka samu a wajen Jamus. A 1844 har sarkin Saxony ya shiga kantin ya sayi ƙwarangwal.

Duk da haka kuɗi bai zauna mata ba. A 1830 abokinta Henry De la Beche ya zana hoton tsohon tekun da dabbobinta suna cin juna, aka buga aka sayar aka ba ta kuɗin. A 1833 ƙasa ta zaftaro ta danne karenta Tray a gabanta, saura ƙiris ta haɗa da ita. A 1835 ta yi asarar kusan fam 300, yawancin abin da ta tara, a wani zuba jari da ya rushe. Daga bisani Buckland ya nema mata fansho na fam 25 a shekara.

Mu ma a yankinmu labarin bai yi mana nisa ba. Wani teku ya taɓa ratsa inda Sahara take yanzu, kuma an haƙo ƙasusuwan manyan ƙadangarun ruwa a yankunan Sakkwato da Tahoua. Ɗaya daga cikinsu, Goronyosaurus, sunan Goronyo ya ci. Waɗannan sun zo bayan na Mary da fiye da shekaru miliyan 100. Mutanen karkara da ke nuna wa masu bincike inda ƙashi yake, su ma ba kasafai sunansu ke shiga takarda ba.

Sankarar mama ta kashe Mary Anning ranar 9 ga watan Maris na 1847, tana da shekara 47, ba ta yi aure ba. De la Beche, wanda a lokacin yake shugabantar ƙungiyar da ba ta karɓe ta ba, ya karanta ta'aziyyarta a gaban membobi, kuma a 1850 aka sa tagar gilashi mai zane don tunawa da ita a cocin garin. A 2021 ma'aikatar buga kuɗin Birtaniya ta fitar da sulalla uku masu hoton dabbobinta, waɗanda masu tara kayan tarihi ke saye. Ranar 21 ga Mayun 2022 aka buɗe mutum-mutuminta a Lyme Regis, da guduma a hannu da karenta a gefe, tana fuskantar gaɓar da ta yi aiki.