Muhammadu Rumfa

Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu shi ne Sarkin Kano na 20 daga zuriyar Bagauda. Ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin rafin Jakara, ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwar birni.

A zamaninsa Shehu Magili, malami mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano. Wajen 1492 ya rubuta wa Rumfa wasiƙa kan yadda sarki zai hana talakawansa aikata haram, ciki har da shan giya a fili, da horo gwargwadon laifi, kamar ɗauri ko bulala.

Bayan rasuwar Rumfa, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.